Keken Larai

Kwana shida Larai ta yi a Bonkoukou wurin sunan ɗiyar wata 'yar'uwarsu. Da hantsi motar kasuwa ta sauke ta ƙofar gidansu a Filingué. Direban ya san ta, shi ya sauko da ita ya zaunar da ita bakin zaure, ya ajiye mata jakarta ya wuce. Ta leƙa kusurwar da ta bar kekenta ranar da za ta tafi. Babu keke.

Larai tana da shekara huɗu shan-inna ya kama ƙafafunta duka biyu. Da rarrafe ta girma, takalman roba a tafin hannu, har ta kai sha huɗu, lokacin da mahaifinsu Gambo maƙeri ya samo bututun ƙarfe da tayoyi uku ya haɗa mata keken da ake tuƙawa da hannu. Gambo ya daɗe da rasuwa, keken yana nan. Da shi take zuwa kasuwa inda take sayar da daddawa da kanwa da tattasai, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Shekara talatin da biyu ba ta roƙi kowa ya kai ta ko'ina cikin garin nan ba.

"Samiratu!" ta ƙwala wa matar ƙanenta kira.

Samiratu ta fito da ludayi a hannu. Tana ganin Larai sai ta sunkuyar da kai.

"Sannu da hanya, Yaya. Kin iso lahiya?"

"Ina kekena?"

"Bari in kawo miki ruwa tukuna."

"Ba ruwa nat tambaye ki ba. Ina kekena?"

Samiratu ta juya ta dubi bayan gida. Daga can ƙarar injin yankan ƙarfe ke tashi. Issa, ƙanen Larai, makaniken moto ne, wato babur. Da kasuwar gyara ta yi sanyi ya bar rumfarsa ta bakin hanya, ya kwaso kayan aikinsa ya zuba a tsohon ɗakin awaki, ya rufa masa kwano, yana kiran wurin gareji.

Larai ta ciro takalma daga jaka ta sa a hannu. Ta ratsa tsakar gida da rarrafe, rairayin ya yi zafi, zanenta na biki yana jan ƙasa. Da ta kai bakin garejin ta ɗaga kai.

Kekenta yana ƙasa gunduwa uku. An cire tayoyin baya da sandar da ke haɗa su, an liƙa su a gindin wata tsohuwar moto da aka yanke wa baya. Kujerar katako da Gambo ya sassaƙa da hannunsa tana jingine da bango, an ɗora gwangwanin baƙin mai a kanta.

Issa ya kashe injin, ya ɗage baƙin tabarau, fuskarsa cike da murna.

"Kash, Yaya, kin riga ni! So niy yi sai na gama ki gani. Moto ce mai ƙafa ukku, taki ke ɗaya. Babu irinta duk ƙasar Kurfey."

"Wa yab ba ka izini?"

"Yaya, kafaɗunki. Kullum kin dawo kasuwa sai Samiratu ta gasa miki su da ruwan zahi. Rairayin ga ya hi ƙarhinki yanzu. Shi ya sa na ce..."

"Ni nac ce ka taɓa shi?"

"Ba ki ce ba, amma..."

Sufana, ƙarfen kwance noti, ita ce kusa da hannunta. Ta ɗauka ta wurga masa. Hannun da ya shekara talatin yana tuƙi ba ƙaramin hannu ba ne. Issa ya kauce da kyar, sufanar ta daki kwanon rufi ta faɗo.

"Ka yanke mini ƙafafu ina wurin biki, kana tsaye kana yi mini dariya! Da mi za ni tahi kasuwa gobe? Da mi za ni tahi makewayi yanzun nan? A bayanka za ka goye ni?"

Sai a lokacin murmushin ya bar fuskar Issa. Ya dubi guntayen ƙarfen kamar yau ya fara ganinsu.

"Sati guda, Yaya. Wallahi sati guda na gama."

"Mayar mini da shi yadda yake."

Issa ya ɗaga guntu ɗaya ya sake ajiyewa. Ya riga ya datse bututun, ya lanƙwasa wasu, sandar baya ta narke cikin walda. Babu abin da za a mayar.

Sati gudan ya zama uku. Ranar kasuwa ta zo ta wuce sau uku Larai tana ɗaki. Wata mai sayar da kuka ta matsa ta shimfiɗa kayanta a wurin da Larai ke zama, labari ya iso har gida. Gwiwoyinta da suka manta ƙasa suka sale. Matan unguwa suna shigowa gaishe ta, suna mata sannu da irin muryar da ake yi wa mai jinya, wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ba ta da lafiya ne? Lafiyarta lau. Ƙanenta ne ya tashi da safe ya ga dama ya taimake ta.

Ta daina cin tuwon gidan. Samiratu ta kawo, ta mayar. A bakin ɗakinta take hura 'yar wuta ta dafa abin da za ta ci. Issa ya zo gaishe ta da safe, ta juya wa ƙofa baya. Wata rana ya aro amalanken jaki wurin maƙwabcinsu Ango, ya ce a kai ta kasuwa a ciki kafin a gama.

"A ɗora ni kamar buhun hatsi, duk gari na kallo? Fita mini daga nan, Issa, tun ban hwaɗi abin da ba ya gogewa ba."

Ya fita. Amma ƙarar ƙarfe ba ta tsaya ba, tun safe har la'asar. Ranar da ya shiga gari neman wata sarƙa, Larai ta kasa haƙuri, ta rarrafa garejin don ta ga abin da aka kashe kekenta dominsa.

Ta daɗe tana duba shi. Aikin yana da kyau, wannan ba ta musa ba. Waldar Issa sumul take. Ta kama gefen kujerar ta gwada hawa. Kujerar ta kai mata ƙirji, ko da ƙarfin hannunta ba ta iya ɗaga jikinta zuwa can ba. Ta dubi ƙasa. Birki na ƙafa ne. Giya ta ƙafa ce. Abin tayar da injin ma sandar nan ce da ake takawa.

Da Issa ya dawo ya iske ta zaune gaban moton, ta harɗe hannuwa.

"Zo nan. Tashe ta in gani."

Ya yi murna ta yi masa magana. Ya haye, ya taka sau biyu, injin ya kama da ruri. Ya dube ta yana jiran yabo.

"Kashe. To, ni da wace ƙafa za ni taka?"

Issa ya dubi sandar da ya taka, Larai ta ci gaba.

"Birkin fa? Da wace ƙafa? Giyar fa? Kujerar ga, tsani za ka kafa mini? Ciki ɗaya munka fito, gida ɗaya munka girma, shekara arba'in kana ganina, ba ka taɓa duban yadda nike hawa keke ba. Kanka kay yi wa moto, Issa. Kekena kawai kac ci."

Ya sauko a hankali ya zauna kan wata tsohuwar taya. Ya ce ya yi niyyar gyara waɗannan daga baya. Ta ce ƙarya yake, bai tuna ba. Bai ƙara musu ba.

Washegari ta sa Samiratu ta shimfiɗa mata tabarma a bakin garejin. Ba don ta huce ba; ta ga dai in ta bar shi da kansa, damina za ta iske ta tana rarrafe. Daga ranar ita ke faɗa, shi ke yi. Ta sa ya sare kujerar ya saukar da ita har ta yi daidai da inda hannunta ke kai wa, ya buɗe gefen hagu, don ta nan take hawa tun tana yarinya. Ya liƙa doguwar sanda a jikin abin takawa yadda za ta fizga da hannu. Ta fizga, sandar ta lanƙwashe.

"Wanga ƙarfen gado ne ko mi? Sake."

Ya sake. Ya mayar da birki hannun dama, giya ya yi mata sanda kusa da cinya. Ya yi wurin ajiye ƙafafu da ɗan shinge don kada su zame su taɓa bututun hayaƙi, abin da ita ta tuna masa, don in ya ƙone ta ba lallai ta janye da wuri ba. Akwatin kaya da ya ɗora a baya ta ce ya yi nisa, in tana son kanwa sai ta kira wani ya miƙo mata? Ya kwance ya matso da shi. Sau uku yana walda yana yankewa. Rana ɗaya ya gaji, ya jefar da guduma.

"Yaya, ni ma mutum ne! Alheri niy yi nuhi!"

"Na sani. Ɗauki gudumarka."

Ya kawo jan fenti da wasu hotunan zaki na liƙawa. Ta ce in ya liƙa mata zaki a moto za ta kankare shi da wuƙa a gabansa. Aka shafa shuɗi.

Ranar da aka gama, Issa ya ce bari ya fara zagayawa da ita ya ji lafiyarta. Larai ta ce ba wanda zai riga ta. Ta kama ƙarfen gefe ta ɗaga jikinta ta zauna, ta jera ƙafafunta da hannu. Ta fizgi sandar, injin ya tashi, kujerar tana rawa a ƙarƙashinta. Ta fita ta zaure a hankali, Issa yana bin ta da gudu yana cewa ta sassauta. Ta murɗa hannun ba da wuta fiye da kima. Moton ta zabura, ta tsallake hanya, ta shige dannin kara, shingen gidan Ango, ta kwantar da shi, kaji suka watse.

Mutanen da ke zaune gindin bedi, itacen dogon yaro, suka fashe da dariya. Ango ya fito yana salati. Issa ya iso yana haki, ya kama ta zai sauke ta.

"Sake ni! Ja ta baya ka mayar da ni kan hanya. Ku kuma da ke dariya, wa a cikinku yat taɓa tuƙa ko amalanke da hannu ɗaya?"

Aka ja moton baya. Ta ce wa Ango Issa zai ɗaure masa danninsa kafin azahar. Ta sake tayarwa, wannan karon a hankali, ta miƙe hanyar kasuwa. Tafiyar da ke cin ta rabin awa da gumi ta yi ta kafin ta gama mamaki. Ta tsaya daidai wurinta, ta bar injin yana ruri a kan mai kukar nan har matar ta tattara tabarmarta ta matsa. Da yamma ta dawo gida, Samiratu ta ɗora ruwan zafi kamar kullum, Larai ta ce ta bar shi, kafaɗun ba su yi ciwo ba. Ta ci tuwon gidan a ranar. Issa dai ba ta gode masa ba.

Kwana tara bayan haka, tana dawowa daga gaisuwa a bakin gari da tsakar rana, injin ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare. Ta fizgi sandar har hannunta ya yi ja. Ba gida kusa, ba inuwa. Ta zauna kan ƙarfen da ya fi ƙarfin turinta, rana tana dukanta, fiye da awa guda, kafin wata mata mai ɗauke da itace ta biyo ta kai saƙo gida.

Issa ya zo da kwalbar mai, yana zuba wa tanki yana satar kallonta.

"Na manta ban yi miki abin da ke nuna mai ba," ya ce.

"Za ka yi shi. Kuma za ka ƙera mini keken hannu, sabo, wanda ba ya shan komi sai ƙarhina. Ni za ni auna, kai ka yanka."

"To, Yaya."

Wata biyu ya ɗauka. Keken ya fito da nauyi, yana ɗan ja hagu, ta faɗa masa haka ba sau ɗaya ba. Ranar kasuwa da tafiya mai nisa moto take hawa, cikin unguwa kuwa keken. Ta sayi sarƙa da kwaɗo tana ɗaure su biyun a zaure, makullin yana bakin zanenta. Wasu masu irin lalurarta daga Sanam da Baleyara sun ji labari sun zo ganin moton, biyu cikinsu sun ba Issa aiki. Larai da Issa suna gaisawa yanzu, har hira suna yi in ta ga dama.