Mai Cinye Kwanon Tela

Kazar na maƙale a hammatar Mai-Rijiya sa'ad da ta buɗe baki ta yi wata 'yar gyatsa. Wari ya bugo shi, mai tsami, irin na madarar da aka manta a rana.

"To, madalla," in ji shi. "Gaisuwar da za ki yi mini ke nan da sassafe."

Ya zura yatsu ƙasan wuyanta ya laluba bororonta, 'yar jakar nan da kaza ke tara abinci kafin ya wuce ciki. Da safe kamata ya yi a same shi fayau. Wannan kuwa ya kumbura ya yi luɓus, in ka danna sai ka ji ruwa na gudu ƙarƙashin yatsa.

"Kawu, in kawo wuƙa?" Auta ce ke tambaya daga bakin famfo, 'yar maƙwabcinsa Tela, wadda ta baro aikinta da 'ya'yanta a wani gari mai nisa ta zo jinyar uban. "Gara a yanka ta tun da sauran numfashi."

"Wuƙa? Kaza tana hannuna kike kiran wuƙa? Yarinya, ashe zaman birni ya sa kin manta ko ni wane ne."

Wanda bai san Mai-Rijiya ba, ai bai ga mutum ba tukuna. Bai taɓa zama a aji ba, amma ƙasa ya karance ta tun daga turɓaya har inda ruwa ke kwana. Rijiya ta taɓa ruftawa da shi, aka tono shi yana tambayar ina abincinsa. Maciji ya sare shi, macijin ne ya kwanta jinya. Motar da ta kife da su shi kaɗai ya fito, har da hularsa a ka. Sa'o'insa duk ya raka su maƙabarta, ya dawo gida da ƙafarsa. Saura Tela kaɗai, abokin musunsa na bayan katanga, wanda tun suna da baƙin gashi bai taɓa yarda da labarinsa ko guda ba.

Ya kifa bokiti ya zauna. Ya karkata kazar gaba kaɗan, ya murza bororon zuwa sama, ruwa ya ɓulɓulo ta baki. Nan take ya ɗago ta ta shaƙi iska, don a nan ne wanda bai iya ba yake kashe kaza, ruwan ya bi mata hanyar numfashi. Ya bari ta huta, ya sake.

Sai ya tsaya yana duban abin da ya zuba a ƙasa. Babu tsaba, babu ciyawa, babu ko fiffiken ƙwaro. Fari ne fat: burodi jiƙaƙƙe, da ƙwayoyin shinkafa da suka kumbura, da madara da ta tsinke. Ya ɗaga kai. Tagar ɗakin Tela gajera ce, ba ta wuce ƙugun mutum ba, kuma fentin dakalinta duk ya kankare da sawun farce.

Ya ja ƙasa da ƙafa ya rufe wurin.

"Me ta ci, Kawu?"

"Kwaɗayi ta ci."

Auta ta yi dariya tana ɗauraye wani farin kwano. "Ka ga na Baba kuwa, yau ma tas! Ko wanki ba ya so. Likita ya ce in dai yana ci, da sauran ƙarfi. In ya ɗore a haka, hutuna na ƙarewa zan koma. Daga wurin aiki sun fara damuna da waya."

Mai-Rijiya ya kife kazar da kwando a inuwa, ya shiga ɗakin.

Labulen tagar Tela da ragowar ƙyallaye aka harhaɗa shi, na riguna da zannuwan mutanen unguwa, rabinsu yanzu ba sa duniya. In rana ta bugo shi, sai ɗakin ya cika da launi, ja a bango, kore a kan keken ɗinkin da aka lulluɓe, shuɗi a fuskar mai gida. Ƙura na yawo a cikin hasken a hankali, kamar ɗakin yana ƙarƙashin ruwa. Tela na kwance a tsakiya, bargon ya fi shi kauri.

"Maƙaryaci ya iso," in ji Tela, murya ƙasa-ƙasa.

"Yau kam gaisuwa na zo yi wa ubangidana a sana'ar. Ni ƙaryata a baki take tsayawa. Taka har ta kwantar da kaza."

Tela ya lumshe ido. Ya kai yatsa maƙogwaronsa.

"Ba ya wucewa. Nan yake tsayawa."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ita kuwa kazar ba ta musu. Ina ɗaga labule sai ta ɗare." Ya ja numfashi. "In Auta ta ga kwano wayam, sai ta kama waƙa a kicin. Ka taɓa saurara? Muryar uwarta ce sak. Ina kwance nan sai in ji kamar yanzu za a leƙo a ce in ɗauke almakashi daga kan gado."

"To ka bar Auta cikin duhu ke nan?"

"Ƙaraminta bai daɗe da fara tafiya ba. In ta ƙara kwanaki, wani za su ba aikinta. Bar ta ta tafi da dariyarta. Ni abin da ya rage ba ya bukatar ɗan kallo." Ya kamo hannun rigar Mai-Rijiya, rigar da shi ya ɗinka ta. "Ka yi mini alkawari ba za ka gaya mata ba."

Mai-Rijiya ya dubi hannun. Wannan hannun ne ya taɓa soka masa allura da gangan a wurin gwaji, don ya ce ya yi kokawa da kada.

"Bakina ba zai faɗa ba."

"Yawwa."

"Amma kazarka ta fita daga aikin nan. Burodi da madara ne suka tsaya mata suka yi tsami. Maganinta yunwa. Ba za ta ga ƙwaya ba sai bororon ya sace."

"To kwanon fa?"

Suka dubi juna. Mai-Rijiya ya gyara hula.

"Kana magana da mutumin da ya taɓa cinye abincin leburori goma, ya tambayi ko da ƙari."

"Da ka ce bakwai ne."

"Ka ga lafiya ta fara samuwa."

Haka kwanakin suka shiga juna. Da safe Mai-Rijiya ya ɗaga kwando, ya ɗora kazar a cinya. Ya ɗiga mata ɗan mai a gefen baki, ya murza bororon a hankali zuwa ƙasa, kamar mai lallashin jariri. Ruwanta ya jefa masa tafarnuwa dakakkiya, ya hana kowa ba ta ko ɓarɓashi. Tana lumshe ido, yana ba ta labarin shekarar da ya haƙa rijiya har ya jiyo carar zakarun mutanen ƙarƙashin ƙasa. Ita dai ba ta taɓa ƙaryata shi ba.

In ya gama, sai ya wanke hannu ya shiga wurin Tela. Auta ta kawo kwano ta fita, don uban ya ce ba ya iya ci ana kallonsa. Mai-Rijiya ya juya wa ƙofa baya ya share shi tas. Can sai waƙa ta taso daga kicin, su biyun su yi tsit suna ji.

Tela ya fara tafiye-tafiye daga kwance. Wani lokaci sai ya ce yana auna kogi da tef, za a yi masa riga, amma kogin ya ƙi tsayawa wuri guda. Wani lokaci yatsunsa su riƙa bin gefen bargo suna kalmasa shi, ƙafarsa na taka keken da babu. Wata rana da hantsi ya buɗe ido tangaran.

"Da rijiyar nan ta rufta da kai, yaya wurin yake?"

Mai-Rijiya ya buɗe baki zai kawo zancen da ya saba, na yadda ya tokare ƙasa da kafaɗa ɗaya. Sai ya ga yadda ake dubansa.

"Sanyi ne," in ji shi. "Ba irin mai sa rawar ɗari ba. Irin na randa. Kuma shiru, har kana jin ruwa na tsattsafowa daga bango. Can sama akwai wani ɗan haske da ya rage, bai fi maɓallin riga ba. Ina kallonsa, ina kallonsa, sai na ji ba na sauri zuwa ko'ina."

"Ba tsoro?"

"Da fari. Daga baya sai ya gaji ya tafi."

Tela ya gyaɗa kai. "Wannan kam na yarda," ya ce.

Ranar da Auta ta ɗaure jakarta, a ranar ne Mai-Rijiya ya laluba wuyan kazar ya ji bororon ya kwanta shafal. Ya shinshina bakinta, babu wari. Ya marmasa mata dafaffen ƙwai, ya watsa 'yan tsakuwa kusa, ta sunkuya ta fara tsattsaga kamar mai bin bashin duniya.

"Ki zo ki ga aikin maza!" ya ƙwala wa Auta kira. "Wuƙa wai!"

"Kawu, ai kai likita ne, takarda ce kawai babu." Ta zo da kwanon a hannu, fuskarta fes. "Ga na Baba. Mota za ta tashi da azahar. Ku gama hirarku, in shigo mu yi sallama."

Ya karɓa ya shiga. Ya zauna, ya juya wa ƙofa baya, ya ɗebo cokali guda.

Mutumin da ya raka sa'o'insa kaf ya san abin da ya sani. Hancin Tela ya yi tsini. Faratansa sun yi toka-toka. Numfashin yana zuwa, ya tsaya kamar ya yi mantuwa, sannan ya dawo. Wannan ba tafiyar wata ba ce, ba ma ta mako ba. Motar Auta ba za ta gama huce zafin hanya ba za a kira ta a waya.

Ya mayar da cokalin cikin kwano. Ya ajiye shi a kan kujera, a tsakiyar hasken labule.

"Ci mana," in ji Tela.

"Na ƙoshi."

"Kai? Tun da nake..."

"Na ƙoshi, na ce."

"Ka yi mini alkawari."

"Na ce bakina ba zai faɗa ba. Ga shi nan a rufe. Ba abin da zai fita, ba abin da zai shiga."

Tela ya yi ƙoƙarin ɗago hannu zuwa labule, ko kazar na kusa. Hannun bai kai ba.

Auta ta shigo da jaka a kafaɗa, takalmi a ƙafa. "Baba, to ni zan..." Idonta ya sauka a kan kwanon. Madara har baki, burodi na yawo a sama, ƙuda ɗaya na zagaya gefe. Ta dubi uban. Wannan karon ba kwano ta duba ba, shi ta duba: wuyan hannunsa, ramin da ke ƙasan kuncinsa, leɓɓansa da suka tsattsage. Ta juyo wurin Mai-Rijiya. Shi kuwa ya kafa wa keken ɗinki ido, ya datse baki kamar an ɗinke shi. A gemunsa akwai busasshiyar madarar jiya.

A waje kazar ta yi kuka.

"Kazar nan," in ji Auta a hankali. "Sannan kai, Kawu."

 Jakar ta zame daga kafaɗarta. Ta tuɓe takalmi, ta hau gefen gadon, ta ɗago kan uban ta ɗora a cinyarta.

"Za ki rasa mota," in ji Tela.

"Ta tafi."

"Aikinki fa?"

"Baba, yi shiru."

Ya juyo da ido wurin Mai-Rijiya. "Tsohon banza," ya ce. Amma ya gyara kwanciyar kansa a cinyar, kamar wanda ya daɗe yana neman matashin da ya yi masa daidai.

Ba ta sake kawo kwano ba. Ƙyalle ta samo cikin ragowar ɗinkinsa, tana tsoma shi a ruwa tana shafa masa a leɓe. Waƙar da take yi a kicin ta dawo da ita ɗakin, ƙasa-ƙasa, ba kalmomi. Washegari da la'asar, launukan labule sun hau bango har sun kusa taɓa rufi, yatsun Tela suka kalmasa gefen bargo suka kai ƙarshensa, suka tsaya.

Mai-Rijiya na tsakar gida a kan bokitinsa lokacin da waƙar ta yanke. Bai tashi da sauri ba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

Bayan an kai Tela makwancinsa, mutane sun watse, gidan ya koma shiru, Auta ta fito da kayan uban ta wanke a bakin famfo. Ta shanya su a igiya, ta zauna a ƙofar ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Mai-Rijiya na gefe, yau ba labari. Wata farar riga ce a ƙarshen igiyar, hannunta ɗaya ya sauko yana ɗigar da ruwa, har ya yi ɗan gurbi a ƙasa. Kazar ta tako a hankali ta tsaya a wurin. Ta tsoma baki, ta ɗaga kai sama ta haɗiye, ta jira wani ɗigon ya faɗo.