Giga Biyu

…giga biyu. Shi ya rubuta da hannunsa wata uku da suka wuce, ba wanda ya sa shi. Ga shi yanzu tsaye a gaban sabar asibitin, uwar kwamfutocinsu, fankokinta na ta huci, sanyin ɗakin na ratsa ƙashi, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Kwamfutoci goma sha huɗu a cikin ƙarfe ɗaya, babu mai jikin kanta, duk faifan ajiya guda suke ci, faifan kuwa ya kusa cika. To ya zai yi? Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rage musu fayil ɗin fejin, wurin nan da na'ura ke sauke kaya idan ƙwaƙwalwarta ta cika. Har da ta ɗakin gwajin jini, mai ƙwaƙwalwar giga talatin da biyu… ya bar mata fejin giga biyu. Ranar har yana ji da kansa, wai shi gwani.

Yau da safe ta ɗakin gwajin ta sume. Allo ya yi shuɗi, sakamakon mutum arba'in ya bi iska, aka ɗage tiyata. Wata tsohuwa a kan gadon turawa, a baranda, tana kallon silin…

Anti Gilashi ce ta sa sabuwar manhaja jiya. Anti, wadda ta kawo shi aikin nan ko haɗa waya bai iya ba. Ita ta taɓa na'urar a ƙarshe, shi ke nan laifi ya zama nata. Oga ya ce ƙarfe uku za a zauna, kuma kowa ya san takardar da ake miƙa wa mutum a irin zaman nan.

Anti ta taɓa gaya masa, tana goge gilashinta da bakin gyale, a riƙa bar wa na'ura wurin wasiyya: in za ta faɗi, a fayil ɗin fejin nan take juye duk abin da ke kanta, a gane me ya kayar da ita. Dariya ya yi. Wasiyya, sai ka ce wata attajira.

Ɗazu ta leƙo. "Ƙanena, ciro min bayanan da ta bari. Su za su wanke ni."

Ya duba. Wayam. A ina za ta rubuta? Talatin da biyu a cikin biyu?

Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa. In ya ce na'ura ba ta bar komai ba… ai ba ƙarya ba ne, ko? In ya mayar da lambar yadda take a da, wa zai sani? Bayanan dai sun tafi. Ko ya faɗi gaskiya? Matarsa da cikin wata takwas—

Uku saura minti biyar. Takun Anti a baranda, a hankali, takun wadda hankalinta ke kwance. Sai yanzu yake lura da allon… yaushe ya goge biyun? Yaushe ya mayar da tsohuwar lambar? Yatsansa na kan maɓallin adanawa tun ɗazu, bai ma shawarce shi ba.