Gahawa a Kan Dutsen da Babu Ƙanƙara

Rigar sanyin tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakin Zenabu, a gidan ɗanta da ke unguwar Aƙiƙ ta Madina, baƙa, mai kaurin katifa. A Madina aka saye ta, a tsakiyar zafin da ko kyanwa ba ta taka kwalta da azahar, har mai shagon sai da ya tambaya ko lafiya. Lafiya lau, ƙanƙara za a je gani.

Zenabu tana amarya ta zo Madina daga Damagaram. Nan ta haihu, nan ta binne mijinta Abdussamad, amma har yau Larabcinta da ƙanshin Hausa, kuma cikin al'adun gida ko ɗaya ba ta yar ba. Babbarsu ita ce kunyar ɗan fari. Fahad ne ɗanta na fari, kuma tun ranar suna sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Yana ƙarami "wancan yaron" take cewa. Da ya zama injiniya a matatar mai ta Yanbu, sai ta koma kiransa Muhandis yadda abokan aikinsa ke yi. Ba ta zama kusa da shi cikin mutane, ba ta yabonsa, ba ta cewa "ɗana". Wanda bai sani ba sai ya ɗauka bai dame ta ba, alhali duk cikin 'ya'yanta shi ne wanda ko tari ya yi sai gabanta ya faɗi.

Shi ya ce a bana hutun bazara da ita za a yi, a birnin Almaty na ƙasar Kazakistan, tare da matarsa Nadiya da 'yarsu Fiddausi. Ya nuna mata hoton wani dutse fari fat a waya, mutane na sulu a kai da katako a ƙafa. Ta ce wannan ai neman karaya ne da gangan, amma a ranta ta yi murna ƙwarai.

Sun yi kwanaki a birni suna zaga shagunan da babu abin da suka fi na Madina da shi sai tuffa. Ranar hawa dutse Zenabu ta dafa gahawa a ɗakin otel, ta cika filas, ta ɗauki dabinon ajwa da ta taho da shi daga gonakin Al-Awali, ta zura rigar nan. Aka sa su cikin wani akwatin gilashi mai rataye a waya, ya yi sama da su. Ta runtse ido tana salati har aka isa.

Da ta buɗe, ciyawa ce shar, da furanni, da wasu dawakai masu ƙiba suna kiwo. Shagon hayar katakon a kulle. Ƙanƙarar tana can ƙololuwar wani dutsen daban, 'yar mitsitsiya, kamar an zubar da gari. Wani ma'aikaci ya ce su dawo da hunturu. Duk iliminsa, Muhandis bai tambayi watan da aka ɗauki hoton ba. Gumi ya fara bin bayan Zenabu, amma ta ƙi cire rigar, don shi ya saya mata.

Sun shimfiɗa darduma ke nan, Fiddausi ta tafi hawan doki, sai ga wani farin Balarabe da matarsa. Fahad ya miƙe zumbur. Abu Saif ne, shugabansa a wurin aiki, wanda ƙarin girman da Fahad ke jira yake hannunsa. Aka yi ta gaisuwa da mamakin haɗuwa. Nadiya ta jawo matarsa Ummu Saif kan darduma.

Zenabu ta ga baƙon da zai amfani ɗanta, sai ta yi abin da uwa ke yi. Ta ja baya, ta buɗe filas, ta tsaya a kansu tana zuba gahawa a 'yan ƙananan kofuna, tana miƙa dabino. A Hijaz, yankin su Madina, ƙarami a cikin gida ne ke tsayawa yana zuba gahawa, ko kuma mai aiki. Ta san haka sarai. Ta ɗauka dai Fahad zai karɓi filas ɗin daga hannunta ya ce ga mahaifiyata.

"Muhandis, ga naka," ta ce, idonta a ƙasa.

Ummu Saif ta kurɓa, ta lumshe ido. "Masha Allah, gahawar nan! Nadiya, daga wane ofishi kuka samo wannan shaggalar? Tamu ta gudu tun azumi."

Shaggala, wato 'yar aikin gida. Zenabu ta ji, ta kuma fahimta. Kalma ɗaya ce za ta gyara zancen, amma ba daga bakinta za ta fito ba. Uwar ɗan fari ba ta bugun ƙirji da shi a gaban baƙi. Nasa ne ya faɗa. Ta tsaya da filas a hannu, cikin rigar sanyi, tana jira.

Nadiya ta dubi mijinta. Fahad ya dubi tsohuwar da ke zufa cikin rigar da ta fi ƙarfinta, ya dubi shugabansa, ya yi wata 'yar dariya.

"Ta daɗe tare da mu," ya ce da Larabci. "Tun ina yaro."

Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta ƙara wa kowa gahawa har suka girgiza kofunansu alamar sun ƙoshi. A hanyar saukowa ba ta runtse ido ba, ba ta kuma yi salati da ƙarfi ba.

Suka dawo Madina. Babu wanda ya tayar da zancen. Duk ranar da ya dawo daga Yanbu, Fahad kan shigo ɗakinta ya sumbaci kanta kamar kullum, ita kuma ta amsa gaisuwa. Ƙarin girman ya fito, aka yanka rago, ta ci kaɗan. Tana jira ya zo ya ce Ummi na yi kuskure. Da ya faɗi haka, wallahi da ta yafe kafin ya rufe baki.

Wata Juma'a bayan la'asar ya shigo, ya zauna a bakin gado yana juya waya a hannu. Da Hausa ya fara, abin da ba ya yi sai yana neman wani abu.

"Ummi, wata magana ce. Ummu Saif ta kira Nadiya. Za su aurar da 'yarsu a nan Madina, to tana so a ara mata... tana so ki je ki yi musu gahawar nan. Wuni guda ne kawai. In kin ƙi, sai in ce ba ki da lafiya."

Ashe hanya biyu ya zo da su, ta je ko a yi ƙarya. Ta ukun, ta ya ɗaga waya ya ce uwata ce, ko a ransa ba ta zo ba. Zenabu ta dubi rigar da ke bayan ƙofa, sannan ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana goye.

"Lafiyata ƙalau. Ka ce mata zan je, Fahad."

Wayar ta tsaya cak a hannunsa. Bai taɓa jin sunansa da muryar nan ba. Duk Larabcin da ya cika masa baki, ya san abin da ake nufi idan uwa ta daina jin kunyar ɗan farinta. Ya sunkuyo zai sumbaci kanta, ta miƙe ta wuce shi.

"Matsa min, Fahad," ta ce. "Zan duba ko akwai sauran dabino."