Wushiryar Malam Barau

Jiya da dare wani mafarki na yi, na gan ni ɗauke da wayata a ka kamar faifan talla, za ni kai ƙara. Hoton marigayi mijina Malam Barau guda ɗaya ne a cikinta. Da na buɗa shi da yatsu don in ga wushiryarsa, sai fuskar ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai. Ni kuwa don wushiryar nan na aure shi.

A ofishin hotuna wata akuya mai tabarau ce ke karɓar ƙara. Na ce mata ban yi boko ba, amma na san cuta in na gan ta. Ta tauna takardar ƙarar a natse, ta ce an karɓa, in shiga ciki.

Sai ga ni a gona, cikin wayar. Tumaki na jan ƙwayoyin hatsi kala-kala da manjagara, kunya bayan kunya, daga hagu zuwa dama. Wani tsohon rago, sarkin noman wurin, ya ce duk hoton waya haka ake jera shi. Wai Turawa rasta suke ce masa, daga sunan manjagara a wani tsohon yare na ƙasarsu.

"Ban zo karatu ba. Ina wushiryar mijina?"

Ya ce ranar da aka ɗauki hoton mudu ɗaya kacal na hatsi aka ba Malam, kuma hula ta cinye rabi.

Na wanke shi tas, har ƙahonsa ya miƙe. Bai ji haushi ba. Ya miƙo mini manjagara ya ce, "Iya, mu ba mu san shi ba. Ke kika san shi."

Na nemo kunyar haƙora, duk farar shinkafa. Na buɗa tsakiya na jera baƙin wake uku.

Ruwa ya tsuge daga ƙasa ya yi sama, ya tafi da ni. Daga can na leƙo, gonar duka ta zama fuskar Malam, yana murmushi.

"Tasalla, kin yi mata faɗi," in ji shi.

"Haka take. Kai yaushe ka taɓa ganinta?"

Ya yi dariya har waken ya motsa. Na gyara zama a kan ruwan, ban ma yi niyyar saukowa ba, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na buɗe ido.