Wa Ya San Shi?

Da tsakar rana usur ya tashi daga bakin lungu. Kafin Inna mai injin niƙa ta kashe injinta, an datse kowace ƙofa. Tsarin unguwar ke nan: in usur ya yi kuka kowa ya rufe, ɓarawo ya rasa mashiga.

Ta fito da gari har a gira. Ƴan sintiri sun danne wani saurayi kusa da famfo, leɓensa a fashe. Matar tela na ihu an fizge mata waya. An laluba aljihunsa, babu komai. Duk da haka wani bakanike ya mirgino tsohuwar taya.

Shugaban sintirin, Gatari, ya ɗaga gorarsa. Al'ada ce tun unguwar tana ƴan gidaje: ba a hukunta wanda aka kama sai an tambaya. Wanda ya ce ya san shi ya ɗauke shi a wuyansa. In daga baya laifi ya tabbata, mai amsawar ne zai bar unguwar.

"Wa ya san shi?"

Inna ta dubi fuskokin. Rabinsu ƴan haya ne da suka tare bara, ko junansu ba su sani ba. A da, wanda ba a sani ba shi ne ɓarawo. Yanzu wa aka sani?

"Wa ya san shi?"

Warin fetur ya bugi hancinta.

"Ni," in ji Inna.

"Haba Inna!" in ji Gatari. "Kin san abin da kike ɗauka?"

"Kai ma na san ka tun kana yawo ba wando. Ɗan ƙanwata ne. Cika min shi."

Wasu suka tuntsire da dariya, bakanike ya yi tsaki. Ta ja saurayin da kunne har ɗakin injin, ta tura ƙyaure.

Yana durƙusawa zai sha ruwa, sai waya ta fara ruri daga cikin safarsa.

Gatari na nan a bakin ƙofa, tana jin tarinsa. Inna ta fizgi igiyar injin. Ƙararsa ta cika ɗakin.

"Kashe ta, ɗan banza!"

Ya kashe. Ta karɓa ta tusa can ƙasan robar garin matar tela da ke jiran a zo a ɗauka. Gara a ce matar ce ta yi mantuwa da a wayi gari da toka a bakin famfo.

Ta miƙa masa tsintsiya.

"Daga yau nan za ka riƙa wuni, inda idona zai gan ka. Wuyana ke hannunka." Ta share gumi da bakin zane. "Wai ma, ya sunanka? Tunda ɗan ƙanwata ne kai, gara in sani."