Giyar Suruki Ta Ƙi Tashi

…sukari fa. Kilo guda na sukari a cikin giya. Bohuslav yana tsugune a ɗakin ƙasa, yana hararar gangar roba kamar ta zage shi. Shekara talatin da takwas yana dafa giya a masana'antar garin nan, ruwa, sha'ir, furen ɗaci, yisti, iyakarta ke nan, sai yanzu da furfura ya koma mai dafa alewa. 'Yan Beljiyam ke nan. Su zuba ɓawon lemo da kayan miya a giya, su juye a kofi mai ƙafa, su yi ta shinshina kamar masu sayen turare… wai su ma mashaya.

Kwana goma sha biyu. Ɗan bututun ruwan da ke kan murfi, wanda ya kamata ya riƙa ɓulɓul in yisti na aiki, shiru yake.

To, giyar kirki ai ba ta gaggawa. Haka ya ce a kwana na uku. Haka ya ce a na bakwai. Digiri takwas, sanyin da aka koya masa tun yana ɗan shekara goma sha tara, sanyin da duk ƙasar Cek ke dafa giya da shi. Wa zai koya masa?

Takardar tana aljihunsa. Rubutun Wout ne, ɗan Beljiyam ɗin nan mijin 'yarsa Zdena, rubutu kamar tonon kaji. "A ajiye a wuri mai ɗumi, digiri ashirin da biyu." Ashirin da biyu — giya ake yi ko ruwan wanka? Malamin lissafi, mai dafa giya a gareji ranar Lahadi. Har ya ja layi a ƙarƙashin "ɗumi", layi biyu, marar kunya.

Ranar bikin aurensu, zaure cike… Wout yana miƙo masa kofi da hannu biyu, giyar da ya dafa da kansa, kunnuwansa jawur. Kurɓa ɗaya. "Wannan a kai wa ƙudan zuma, yaro." An yi dariya, wasu har da buga tebur. Zdena ba ta yi ba. Shekara shida ke nan — kati a Kirsimeti, shi ke nan. Jana'izar uwarta ma ba ta kwana ba, jirgin yamma ta bi.

Sai wayar nan. "Baba, za mu zo ranar hutun tunawa da Waliyyi Vaclav. Wout ya aiko maka da kayan haɗa irin giyarsa, in ka ga dama. Ba dole." In ka ga dama… muryar uwarta sak. Shi bai iya cewa a yi haƙuri ba, bakinsa bai taɓa koya ba. Abin da ya iya shi ne ya dire wa mutum kofi a gaba. Zai dire wa yaron irin giyarsa, a sha, magana ta mutu. Kuma ta fi tasa, dole ta fi, in ba haka ba mene ne amfanin —

Yana buɗe famfon gindi, yana tara kofi. Kurɓa ɗaya.

Zaƙi. Ruwan zaƙi mai danƙo, ko alamar giya babu. A kai wa ƙudan zuma.

Ya sani. Ai ya sani tun farko, abin da ke ci masa rai ke nan. Yistinsu ba irin na nan ba ne, a sama yake aiki, ɗumi yake so, in ya ji sanyi sai ya kwanta a ƙasa ya yi barci. Hannu ne ya saba, ya sauko da ganga da kansa? Ƙarya. Ya karanta, ya yi tsaki, ya sauko da ita don yaron ne ya rubuta.

Saura kwana goma sha tara su iso. Mako biyu a ganga, uku a kwalba… ko malamin lissafi ba zai fitar da wannan ba. Ya je birni ya sayo, ya ɓare takardun jikin kwalba? Kurɓar farko Wout zai gane. Kuma ba zai faɗa ba, "Ta yi daɗi, Baba," zai ce da jajayen kunnuwan nan, Zdena ta kalli agogo.

Yana rungumar gangar, yana hawa sama: lita ashirin, matakala goma sha huɗu, gwiwa tana ƙara a kowace. Kicin. Kusa da murhu babu wuri sai kujerar Kveta, matarsa, wadda ba wanda ya hau tun da ta rasu. Yana ɗora gangar a kai. Bargonta na nan, yana naɗe ta da shi har wuya, shi, Bohuslav, yana lulluɓe giya kamar mai zazzaɓi. Da abokan aiki za su leƙo ta taga…

"Bohush, kai komai sai ka kai shi sanyi ka rufe, wai zai gyaru da kansa." Yaushe ta faɗa? Tana yanka albasa, ba ta ko juyo ba. Ya ɗauka maganar giya take.

Yana zaune a ƙasa yanzu, numfashi sama-sama, ido a kan bututun. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Wanda ya yi kwana goma sha biyu a sanyi, yana farkawa? Wanda ya yi shekara shida fa…

Ruwan ya motsa ne, ko idonsa ne ke ruwa?