Ramin da Maigida Ya Rufe

A bayan garkenmu akwai wata ƙaya da maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya dasa da hannunsa. Ƙarƙashinta shanunmu ne kwance, waɗanda cutar saifa ta kashe shekarar da na zo gidan. Ya hana a feɗe ko ɗaya. Ya haƙa rami har kansa ya ɓace, ya fito fututu da ƙasa yana yi mini dariya, haƙora kaɗai ake gani. Da yamma mukan zauna muna kallon ƙayar daga nesa, yakan ce, "Cutar nan ba mutuwa take yi ba, barci take a ƙasa. Ko bayan raina kada a tashe ta."

Bayan rasuwarsa sai ga Auta, ƙanensa, wanda ni na goye shi, na share masa majina. Ya sare ƙayar, ya kwashe ƙasar wai zai buga tubali.

"Auta, wa ya aike ka?"

"Haba Yaya, shanun da suka mutu tun ban yi haƙori ba?"

"To yanzu da ka yi haƙoran, hankalin fa?"

Ruwa ya sauka, ramin ya cika, saniyata Goshi ta sha. Da safe na tarar da ita a kumbure, baƙin jini na bin hancinta, ya ƙi daskarewa. Likitan dabbobi ya ce saifa ce. Ya sa aka ƙone gawar, ya yi wa 'yar maraƙarta allura. Maraƙar nan ita kaɗai ta rage mini daga garken maigida, ga rami baki buɗe yana jiranta.

Na kai ƙara. Alƙali ya ce Auta ya ba ni saniya daga nasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya riƙe abarsa, ba jinin garkenmu ba ce. Ramin nake so ya rufe da hannunsa, ya mayar da ƙaya."

Haka aka yanke.

Ranar na zauna nesa, igiyar maraƙa naɗe a hannuna. Auta ya toshe hanci da ƙyalle yana ta zuba ƙasa. Da ya ɗago, fututu, sai na ga kafaɗun yayansa sak. Na kau da kai.

"Ƙara ƙasa, malalaci. Yayanka da ya fi ka bai tsaya hutu ba."